Ƙullin Kanwa a Gindin Turke

Na daɗe ina tsaron raga. An karya mini yatsa, an fasa mini baki, duk sun wuce kamar ba a yi ba. Amma ranar da muka je wasa Kalgo, ita kam har in koma ga Allah ba za ta fita raina ba.

Kulob ɗinmu shi ne ƙarami a Gwandu. Babban yana da bas da sababbin riguna, mu kuwa 'yan kabu-kabu ne da kanikawa da wasu manoma daga Masama, a bayan a-kori-kura muke zuwa wasa. Amma a shekarar nan ƙafarmu ta yi kyau. Kunnen doki kawai muke nema mu haura rukunin sama na gasar jiha, inda ɗan wasa ke cin abinci da ƙwallo. Su kuma masu gida dole sai sun ci mu.

Ina da ciwon ciki tun ina saurayi, in ya murɗa jar kanwa nake lasa. Tsohuwata ce ke ƙulle mini ita a tsumma, ta naɗe da baƙin zare don kada ta zube. Ranar sai na ajiye ƙullin a gindin turken raga. Wallahi ban kawo komai a raina ba.

Aka take wasa suka yi ta yi mana ruwan hari. Ƙwallo ta daki turke, ta daki sandar sama, wata ta bugi ƙafata ban ma gan ta ba. Da aka dawo hutun rabin lokaci aka sauya gida, na ɗauki ƙullina na kai ɗaya ragar. Ashe ana kallona. Ba a jima ba ƙwallo ta sake dukan turke. Sai na ji wani ƙato a bayana ya kwarma ihu: "Ku diba abin da golan ga ya aje! Asiri na! Ya ɗaure ragar!"

Filin ba katanga, igiya ce kawai tsakaninmu da 'yan kallo. Kafin in juya sun tsallako. Alƙalin wasa ya ari na kare, 'yan wasanmu an tare su can tsakiyar fili. Wani ya shaƙe ni da wuyan riga, wani ya zabga mini sanda a kafaɗa, na ga wani yana zaɓen dutse. Ina cewa kanwa ce, ni kaina ba na jin muryata. Kalmar shahada na fara, ina tunanin wa zai kai wa tsohuwata labari.

Sai wani dattijo Bafillace ya kutso, ya gitta sandarsa tsakanina da su. Ban san shi ba, ba kuma ɗan garinmu ba ne. Ya ce, "Ku dakata! Yaro, in kanwa ta, kwance ka ci mu gani."

Na ɗauko ƙullin, zaren ya ƙi kwantuwa. Ƙaton nan ya ce, "Kun gani ko? Ya ƙiya!" Suka ƙara matsowa har numfashinsu na dukan fuskata. Na sa haƙori na yage tsumman, na watsa kanwar duka a baki. Harshena ya ɗau wuta, hawaye na zuba, na haɗiye. Dattijon ya karɓi tsumman, ya lasa, ya tofar. Ya dube su ya ce, "Kanwa ta. Ku dai ƙahwahunku ad da asiri, ba su san hanyar raga ba."

Wani ya tuntsire da dariya, wasu suka bi shi. Dariyar nan ce ta sa aka sake mini riga.

Ba a ƙarasa wasan ba, aka soke shi, ba mu haura ba, su ma haka. Gwanayenmu suka koma babban kulob, sauran kowa ya kama sana'arsa. Kafin damina ta zagayo ko atisaye an daina. Yanzu bulo ake bugawa a filinmu. Ni ban sake tsayawa raga ba, ko ihun gidan kallo na ji sai gabana ya faɗi.

Abin da na koya, taro in ya fusata ba ya tambaya, kuma gaskiyarka ba ta cetonka sai an samu mutum ɗaya da zai ce a dakata. Shi ya sa duk ranar da na ji an yi ihun ɓarawo ko maye a kasuwa, ba na duƙawa neman dutse. Kutsawa nake, in ce a bar shi ya yi magana.