Ragowar Takardar Ejiofor

Ina ba shanu dusa a cibiyar binciken dabbobi ta Shika, cikin damunar 2006, Nwamaka matar Ejiofor ta kira ni. "Baban Keziya, abokinka ya faɗi a gaban inji. Bai tashi ba." Na zauna a bakin kwamin ruwa.

A unguwar Muchia aka haifi Ejiofor, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Yana da ƙaramar maɗaba'a a bayan shagunan PZ, abincinsa kuma littafin jana'iza ne, irin wanda ake rabawa a coci da hoton mamaci. Mai makoki ba ya ciniki, kullum sai ya sayi takarda fiye da bukata. Ragowar nan Ejiofor yake tarawa a kan silin.

Dakta Bukola ta wurin aikinmu ta yi shekaru tana bincike a kan ciwon huhun awaki. Masu buga littattafai suka ce sai ta biya, sannan su sayar a farashin da ɗalibi ba zai taɓa ba. Ni na kai ta wurinsa. Ya jujjuya rubutun, ya ce, "Anti, matattu za su biya miki."

Da ragowar takardar ya buga littafin, wani shafi fari, wani ruwan madara. A bangon littafin ya sa: ba na sayarwa ba ne, kowa ya kwafa. Ya rarraba wa masu fotokwafi na Samaru, kusa da jami'a. Duk lokacin da aka yi babbar rasuwa, sai littafin ya sake fitowa. In gari ya yi lafiya, ɗalibai su jira. Farantan alminiyon da ake ɗora wa inji, waɗanda kowane mai maɗaba'a ke sayar wa maƙeran tukwane, shi nannaɗe na littafin ya yi, ya ajiye a ƙarƙashin gadonsa. Muddin suna nan, littafin na da rai.

Kai gawa gida Kudu ba ƙaramin abu ba ne. 'Yan'uwansa suka sayar da injin. Takardar silin, da ita aka buga littafin jana'izarsa. Da na je neman farantan, Nwamaka ta kasa duban idona. Na bi sawu har maƙera, na tarar an riga an narka su. Ban ga laifinta ba, yara huɗu ya bar mata.

Ranar Asabar kafin rasuwarsa na tsaya a shagonsa, hannunsa duk tawada. Ya ce ɗalibai sun dame shi, takarda kuma ba ta kai ba.

"Shekari, kai ma ka mutu mana, mutumina. Danginka na da yawa, za a samu ragowa."

Na ce, "Allah ya kiyaye! Kai ka fara."

Ya yi dariya har da tari. "In na fara, wa zai buga?"