Fara Mai Kuka a Misfala

Daura zuwa Kano

Ba a kira assalatu ba muka bar Daura. Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifinmu, ita ta riga kowa fitowa ƙofar gida, rungume da ƙullin leda mai girman matashin kai. Fara ce. Ita da kanta ta fige fukafukan da hannuwanta masu rawa, ta soya, ta barbaɗe da yaji, ta shanya. Duk wannan don yayana Ila ne, wanda ya tafi aikin Hajji tun ina budurwa ya zauna a Makka, bai sake taka gida ba. Ciwon sukari ya cinye masa idanu, abinci kuma ya fita ransa. Da na gaya masa a waya zan zo Umra, na tambaye shi me zan riƙo masa, abu ɗaya ya ce: farar Gwaggo.

"A hannunsa za ki sa masa, Auta," in ji Gwaggo. Na ce to.

Hanya ta yi kyau. A wani shinge bayan Kazaure wani jami'i ya leƙo motar, ya shaƙi ƙamshi, ya ce, "Hajiya, ko a ɗan taɓa mana?" Na ɗaure fuska na ce ta mara lafiya ce. Har yanzu in na tuna yadda na ɗaure fuskar nan sai in ji kamar in nutse.

A filin jirgi aka ɗora jakata a kan sikeli. Mai awo ya ce, "Ta yi nauyi. Ko ki rage, ko ki biya." Na zuge jakar. Abu biyu ne a sama: ƙullin fara, da wani leshi ruwan zuma mai duwatsu da na ɗinka musamman don hotunan Makka. Mutanen da ke bayana sun fara tsaki. Ban ma tsaya dogon tunani ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na ɗauki farar na miƙa wa direban da ya kawo ni, na ce ya kai wa iyalinsa.

Jidda zuwa Makka

Da hantsi washegari muka sauka. Faisal, babban ɗan Yaya, shi ya zo ɗaukata. Magidanci ne, tuƙi ne sana'arsa, Hausarsa kuma rabi Larabci ce. "Ya Ammati, hamdilla alas-salama! Shanɗa guda kawai?" Ammati wato gwaggona, shanɗa kuwa jaka yake nufi. A nan bakina ya fara aikinsa ba tare da ya shawarce ni ba. Na ce akwai ƙarama, ba ta iso ba, sun ce tana bayanmu.

Titin Makka shimfiɗaɗɗe ne, duwatsu baƙaƙe hagu da dama. A shingen shiga Harami aka duba takarduna aka ɗaga mana hannu. Na yi ɗawafi da sa'ayi, na yi kuka kamar kowa, na rage gashi. Addu'ar da ban yi ba ita ce ta neman ƙarfin faɗin gaskiya, don ban ga na yi wani babban abu ba tukuna.

Misfala

Gidan Yaya yana can cikin wani lungu a unguwar Misfala, hawa na uku, ƙasan benen ana gasa burodi. Matarsa Mariya, haifaffiyar Makka ce amma kakanninta Sakkwatawa, ta tare ni da shinkafa da rago da shayi mai na'ana'a. Yaya yana zaune a kan katifa, ya rame har na kusa ƙin gane shi. Ya shafa fuskata ya ce na tsufa. Na ce shi ma ba yaro ba ne. Muka yi dariya, muka jera matattu da rayayyu na gida. Can ya gyara zama, ya buɗe tafin hannunsa.

"To, ina saƙon Gwaggo?"

Na maimaita masa labarin ƙaramar jaka. Ya rufe hannun a hankali ya ce ba komai, Allah ya kawo ta lafiya.

Daga ranar, kullum aka kawo masa abinci sai ya ɗan taɓa ya ture, ya ce yana ajiye wuri. Mariya ta ja ni gefe ta ce, "Wallahi tun da kinka zo bai ci abin kirki ba. Fara yaka jira." Faisal kuwa sau biyu yana neman lambar jakar don ya bincika a filin jirgi. Na ce takardar ta shige mini cikin kaya.

Arfa

Ranar Alhamis da sassafe Faisal ya kai ni ziyara. Na sa leshin nan a ƙarƙashin hijabi, tunda ai don haka na kawo shi. Muka bi ta Aziziyya, muka wuce Mina da tantunanta babu kowa, muka isa Arfa rana ba ta yi zafi ba. Filin cike yake da bishiyoyin dogon yaro, irin na ƙofar gidanmu sak. Kafin in buɗe ƙofar mota wata ƙara ta cika mini kunne, kamar ana wasa wuƙaƙe a kan kowace bishiya.

Na matsa kusa. Ƙwari ne a jikin itatuwan, masu kauri kamar babban yatsa, kai mai faɗi, idanu a gefe, fukafukai garau ana ganin jijiyoyinsu. Ƙasa duk ƙananan ramuka, a jikin bishiya kuma ga ɓawonsu a manne, an tsage ta baya an fita. Ba gyare ba ne, don gyare a rami yake kukansa. Na tambayi Faisal.

"Ziz ne, ya Ammati. Ba kowace shekara yake fita da yawa haka ba. Sai a daɗe ba a gan shi ba."

"Ana ci?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Wallahi ma adri."

Wai bai sani ba. Bai ce ana ci ba, bai kuma ce ba a ci ba. Ni na ƙarasa sauran. Na ce wa kaina ai kowace ƙasa da irin farar ta, wannan ta Larabawa ce. In an fige an soya an zuba yaji, mutumin da ba ya gani ina zai bambance? Na tambaya ko ya halatta a kama abu a nan, Faisal ya ce Arfa tana wajen iyakar Harami, ni kuma na fita ihrami. Da ya koma mota amsa waya, na zazzage ledar takalmana na shiga tsinta. Na ƙasa-ƙasa ba su da wuyar kamu, sanyin safiya bai sake su ba. Mace mai jikoki, cikin leshi, tana bin gindin bishiya a filin Arfa. Hoto ko ɗaya ban ɗauka ba.

Misfala kuma

Shirina shi ne in shige kicin lokacin da Mariya take sallar azahar. Na shiga, na ɗora kasko, na kwance bakin ledar. Ɗumin kicin ya taɓa su. Ɗaya ya fara, sauran suka amsa, kafin in ƙifta ido gidan ya ɗauka. Biyu suka tashi suka manne a labule suna tsala ihu.

Mariya ta shigo da gudu. "Esh hada? Sarsur! Kyankyasai kinka kawo min cikin kicin?"

"Fara ce," na ce, muryata ko ni ban yarda da ita ba.

"Ziz ne, Ummi," in ji Faisal daga bakin ƙofa. Ya dubi kaskon, ya dubi ledar, ya sunkuyar da kai. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sai muryar Yaya daga ɗaki: "Wa ya kawo mini Arfa gida? Ku miƙo mini ɗaya."

Ni na kai masa. Ya riƙe shi da yatsu biyu, ya bi shi da ɗan yatsa daga kai zuwa ƙarshe, abin yana kuka a hannunsa. Ya ce fara tana da dogayen ƙafafun baya na tsalle, masu ƙaya, wannan ba shi da su. Fara tana da baki na tauna, wannan tsinke ne da shi a ƙirji, ruwan itace yake sha. Ya ce shekarun da yake ban ruwan bishiyoyin Arfa ya ga fitarsu, ya kuma share gawarsu. A cikin ƙasa suke zama shekara da shekaru, su fito su yi 'yan makonni suna kuka, shi ke nan. Namiji ne mai kukan. Bai taɓa jin malamin da ya halatta cin sa ba.

Sannan ya ce, "Auta, babu wata jaka, ko? Ƙwacewa suka yi a filin jirgi?"

Ƙofa ya buɗe mini, na gane. Da na ce e, da magana ta ƙare. Mariya da Faisal suna tsaye a kaina.

"Ba wanda ya ƙwace, Yaya. Kaya suka yi nauyi. Ni na cire ta, na bar leshi."

"Wanne?"

"Na jikina."

Ya miƙa wa Faisal ƙwaron, ya lalubo hannun rigata. Ya daɗe yana shafa duwatsun ɗaya bayan ɗaya. "Yana da kyau," ya ce. "Lallai kam yana da nauyi." Ya juya wajen Mariya ya ce ta kawo masa shinkafar jiya, yunwa yake ji. Na zauna a gefen katifar ina kallonsa yana ci, hawaye na zuba, ba wanda ya ce in yi shiru.

Da la'asar ya sa Faisal ya mayar da ƙwarin Arfa, ya ce kwanakinsu kaɗan ne, kada a ƙarar musu da su a cikin leda.

Sauran kwanakina na yi su tsakanin Harami da gefen katifarsa. Bai sake tayar da maganar ba sai ranar da zan tafi, bayan na durƙusa na yi masa sallama. Ya riƙe wuyan hannuna ya ce, "In Gwaggo ta tambaya, ki ce na ci, ta yi daɗi. Wannan ƙaryar a wuyana take, ba a naki ba."

Gida

Jirgi ya sauke mu Kano da rana, na isa Daura gab da magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni ɗakinsa ya dawo da ni lafiya, na gode wa Mariya da ta ci gaba da zuba mini shayi kamar ba a yi komai ba, da Faisal da bai taɓa ba kowa labarin ba. Gida ya cika da 'yan barka da zuwa, ana rabon dabino da zamzam. Gwaggo Dije ta ratso su da sandarta, ba ta ko dubi tsarabar ba.

"Ya ci?"

"Ya ci, Gwaggo. Ya ce ta yi daɗi."

Fuskarta ta washe. Ta matso kusa, ta rage murya. "Gishirin fa? Hannuna ya ɗan zarce, tun da kika tafi abin yake damuna."

Na ce mata daidai ya yi.