Kwana Tara da Hoton Dodo

A zuwana na biyu birnin Guangzhou na ƙasar Sin, wajen ƙarshen shekarun casa'in, na haɗa ɗaki da wani dattijo ɗan Maraɗi a wani masauki bayan titin Huanshi Lu. Ni takalma nake sarowa, shi kayan wasan yara. Alhaji nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗana.

Wata Talata muka dawo daga kasuwa a unguwar Liwan, sai mai masaukin ta miƙa masa takardar fas, irin saƙon da ake turowa ta layin tarho. Ƙaninsa ne ya rubuto cewa babbar 'yar Alhaji ta rasu wajen haihuwa, ta bar jaririya, har an kai ta makwancinta. A tsaye ya karanta, ya yi salati, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Bai samu kujera a jirgi ba sai ta bayan kwana tara.

Washegari bai fita ba. Ruwa ake ta zubawa, tufafinmu sun ƙi bushewa, bango har gumi yake yi. Da na dawo da azahar, na tarar ya buɗe wani kwali cikin samfurin da wani mai shago ya cusa masa. Wasan haɗa hoto ne: an yayyanka hoto gutsi-gutsi, kai kuma ka mayar da kowane gutsure mazauninsa. Hoton kuwa tallan wani tsohon fim ɗin ban tsoro ne na Turawa, irin wanda ake liƙawa a ƙofar silima. Wata mata ta wage baki tana ihu, a bayanta wani dodo mai koriyar fuska ya miƙo hannu, sama baƙi ƙirin.

Na ce masa wannan bai dace da ɗakin da muke salla ba. Bai musa ba, ya ce zai riƙa rufe shi da tawul.

"Ɗana, in na zauna haka kawai, fuskarta nake gani," in ji shi. "Wannan ko ba komai yana riƙe mini ido."

Daga ranar, in na dawo kasuwa sai in ja kujera. Ya bar mini baƙin saman, wanda ya fi wuya, don duk gutsattsarin kama ɗaya suke. Shi ya haɗa gefe, ya haɗa jan rubutun sunan fim ɗin, ya haɗa dodon. Gutsuren fuskar matar kuwa, duk wanda ya tsinta sai ya jefa a kofin shayi. Ba ma yawan magana. Sau ɗaya ya faɗa mini cewa ranar da aka haifi 'yar tasa ma ba ya gari, yana Lome wajen sarin kaya.

Ana gobe zai tafi, komai ya haɗu sai wani gurbi a tsakiya. Ya juye mini kofin a tafin hannu, ya fita baranda. Cikin 'yan mintoci na gama, na leƙa na ce masa an kammala. Ya ce ba sai ya gani ba, in wargaza. Na wargaza, na mayar kwali.

Na raka shi filin jirgi. Bai sake zuwa Sin ba. Bayan shekara guda na haɗu da wasu 'yan Maraɗi a wajen cin abinci, suka ce ɗansa ne ke zaman shagonsa, kuma jaririyar ma ba ta kai arba'in ba.