Ranar da Aka Wanke Murjanin Madam Rifkatu

Cikin duk shekarun da na yi ina koyarwa, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da Darakta ya zo daga Yola duba makarantarmu, bayan mun dawo Mubi daga gudun hijira. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan ya kamata ku ji labarin, don kada ku ɗauka abin da ke cikin rahoton masu duba makarantu shi ne abin da ke cikin makaranta.

A lokacin muna da malamar kimiyyar halittu, Madam Rifkatu, 'yar tsaunukan Michika. Ta dawo ta tarar an ƙone gidanta, sai makaranta ta ba ta ɗaki a kwatas. Kowa ya nemi abin da zai riƙe don kada tunani ya kashe shi, wasu kiwon kaji, wasu kallon ƙwallo. Ita kuwa ƙaninta da ke aikin jirgin ruwa a Legas ne ya aiko mata akwatin gilashi da buhun gishirin teku da wasu jiƙaƙƙun duwatsu a cikin kula mai riƙe sanyi, wai ta yi kiwon murjani. Mu da muka san murjani a wuyan mata muka yi ta dariya. Ashe dabba ce mai rai, tana manne a jikin dutse, tana buɗewa in ta ga haske.

Abin yana son haƙuri. Sai an haɗa ruwa da gishirin, a sa duwatsun, a bar su makonni har ruwan ya nuna, sannan a fara da irin murjanin da ke jure wa ɗan koyo. Nata akwai masu kama da naman kaza, da wani kore mai kaɗawa, da ɗan reshe ɗaya mai tauri, sai kifaye biyu ƙanana. Famfon da ke juya ruwan kuma ba a kashe shi. Da wutar kwatas ta gagara, ta roƙi firinsifal ya bar ta ta kai akwatin lab, wato ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, inda ake da sola. Kafin shekara duwatsun suka yi jaja-jaja da duhu-duhu, ta ce alamar lafiya ke nan. Ɗalibanmu da ba su taɓa ganin ruwan da ya fi mayo, wato kogin garinmu, girma ba suka riƙa cika lab lokacin hutun tara. Ni kaina, malamin tarihi, na sha fakewa da neman alli in je in tsaya. Tun dawowarmu ban ga Madam tana dariya ba sai a gaban gilashin nan.

Sai labari ya iso cewa Darakta zai zo. Ga wanda bai sani ba, in babba zai zo ba koyarwa ake gyarawa ba. Azuzuwa ake rufewa a kafa kwamiti. A share fili, a shafa wa gindin bishiyoyi farar ƙasa, a jera duwatsu a bakin hanya su ma a mayar da su fari fat. Shugaban kwamitin shi ne mataimakin firinsifal, Malam Buba, wanda muke kira Bais, mutumin da in ka daɗe tsaye waje ɗaya a irin wannan mako, kai ma zai sa a shafe ka. Ni aka tura kasuwar shanu neman ragon da za a ɗaure wa Darakta a bayan mota. Madam Rifkatu, da digirinta, aka tura ta gidan firinsifal suyar kaji da cincin, don a wurinmu in baƙo zai zo, kowace malama kuku ce. Makullin lab aka ce ta bar wa Bais. A gabana ta roƙe shi kada kowa ya taɓa akwatin, ya ce ta kwantar da hankalinta.

Masu shara ne suka ba ni sauran labarin daga baya. Bais ya shiga lab zagayen duba tsafta, ya tsaya gaban akwatin, ya ce ina za a kai wannan abin kunya, duwatsun waje fes, na ciki duk gansakuka da majina. Ɗaya daga cikinsu ta tuna masa abin da Madam ta ce, ya tambaye ta ko Madam ce ke sa hannu a albashinta. Suka zubar da ruwan a kwata. Suka kankare duwatsun da soson ƙarfe, suka jiƙa su a bilic, ruwan nan mai cinye launi, suka shanya su a rana, suka mayar, suka cika akwatin da ruwan burtsatse. Kifayen suka mutu a bokiti tun kafin azahar, sai Bais ya aika bakin mayo aka sayo karfasa biyu aka zuba, ya ce waɗannan ma sun fi girma.

Da safen ranar zuwan Darakta, ina ɗaure rago a gindin darbejiya na ga Madam ta nufi lab, jikinta duk ƙaurin mai. Na bi ta. Akwatin ya yi haske ƙal, duwatsu fari tas, ɗan reshen nan ya koma ƙashi. Bais yana tsaye da sabuwar babbar riga yana jiran yabo.

"Madam, ka ga yadda muka gyara maka?" in ji shi da Hausarsa ta Mubi da ba ta raba mace da namiji. "Ko na gode ba ka ce ba."

"Malam Buba, masu rai ne fa."

"To yanzu ma ba ga kifi yana yawo ba?"

Ba ta yi kuka ba. Ta ja kujerar ɗalibai ta zauna. Ni ne raina ya ɓaci har na faɗa wa Bais maganar da ba ta dace da bakin malami ba, ya ce za mu tattauna bayan baƙo ya tafi.

Darakta ya iso bayan mun gama gasuwa a rana. Aka yi jawabai, aka yi rawar gargajiya, aka zagaya da shi. Bai leƙa aji ko ɗaya ba, don babu kowa a ciki, duk suna waje suna tafi. A lab ya duƙa gaban akwatin ya gyara tabarau, ya ce ya taɓa ganin irinsa a wani babban otal, amma na can bai kai wannan tsafta ba. Ya tambayi wanda ke kula da shi. Firinsifal ya nuna Bais, Bais ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u.

Daga can baya Madam ta ce, "Yallaɓai, abin da kake kallo gawa ce."

Darakta ya waiwaya ya tambayi ko wace ce. Firinsifal ya ce malamar kimiyya ce, gajiyar kicin ce ke damunta. Darakta ya gyaɗa kai, ya ce kajin sun yi daɗin ƙamshi tun daga nan, aka wuce cin abinci.

Da rahoto ya fito, an yabi lab ɗinmu a matsayin abin koyi. Bais ya sami takardar yabo, bai daɗe ba aka ba shi makarantarsa. Madam ta sami takardar tuhuma kan yi wa babban baƙo katsalandan. Ta amsa, ta nemi canjin wurin aiki, ƙarshen zango ta tafi. Na raka ta tasha, kuma kunya ce ta hana ni ce mata komai sai Allah ya kiyaye hanya.

Abin da ranar ta koya mini game da aikinmu shi ne, abu mai rai yana da datti, yana da wahala, yana son mai kula da shi kullum, don haka ba ya burge mai zuwa na yini ɗaya. Wanda ya raya abu shi ake tuhuma, wanda ya kashe shi ya goge shi ake ƙara wa girma. Karfasan nan maigadi ya soye su, ruwan ya ƙafe, amma akwatin yana nan har na yi ritaya, ana kaɗe masa ƙura duk lokacin da baƙo zai zo. Manya da yawa sun tsaya gabansa an ɗauke su hoto. Babu wanda ya taɓa tambayar me ya sa babu abin da ke motsi a ciki.