Geron da Baba Ya Shuka a Ƙasar Koko

A shekarar da aka canja kuɗi aka rufe iyakokin Najeriya ina da shekara tara, muna zaune a wani ƙauyen manoman koko a ƙasar Gana, can cikin kurmi, nesa da Kumasi. Ban manta ranar da labarin ya iso mana ba. Da hantsi ne, ni da Baba muna juya koko a kan shimfiɗar shanya, sai ga wani Bahaushe mai sayen goro ya ratso ta ƙauyen. Ya zauna a kan turmi, ya sha ruwa, sannan ya ce hanya ta toshe, babu shiga babu fita. Inna tana bakin murhu da cikin wata shida. Na ga ta ajiye muciya ta dafa bango. Kakata, mahaifiyarta, ta yi alkawarin za ta biyo ayarin 'yan goro daga ƙauyenmu na wajen Sandamu ta zo ta yi mata jego, da buhun gero da kanwa da kuka da daddawa. Yanzu babu kaka, babu buhu.

Fari ne ya kore mu daga gida shekara biyu kafin nan. Baba ya samu aikin ƙwadago a gonar wani mutumin ƙauyen, aka ba mu ɗaki ɗaya mai rufin kwano, ba zaure ba katanga, kowa yana ganin tukunyar kowa. Mu kaɗai ne Hausawa. Ni abin ya yi mini daɗi da farko. Itatuwa sun rufe sama har mutum ba ya ganin inda rana take fitowa. Abinci a ƙarƙashin ƙasa yake, rogo da gwaza da doya, ga ayabar da sai an dafa ake ci. Na ga mace tana juya sakwara da hannu a cikin turmi, namiji yana luguden taɓarya a kanta, bai taɓa buge mata yatsa ba. Na ga yara suna tsintar dodon koɗi suna murna kamar mu da fara. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne su ma suna da sunan rana. Da maƙwabciyarmu ta gane an haife ni ran Juma'a, sai Ɗanjuma ya koma Kofi. Ita kuma sunanta Akosuwa, haihuwar Lahadi, don haka Inna take kiranta Ladi. Ba mai jin harshen wani, amma kullum sai sun yi hira a bakin rafi da hannu da dariya.

Inna dai ba ta taɓa sabawa da abincinsu ba. Tana ci ne don kada ta faɗi. Da cikin ya tsufa, ko warin rogo ta ji sai amai, ƙafafunta suka kumbura, wuyanta ya zama kamar sillen kara. A ƙusar bangon ɗakinmu akwai wani gora a rataye, cike da irin geron gidanmu, wanda Baba ya taho da shi ya toshe bakinsa da toka da tsumma. Wata rana na ji Inna ta ce, "Malam, a surfa mini ko rabin goran nan. Kunu nake so, ko ludayi biyu ne." Baba ya dubi goran. Ya ce, "Ke dai ki ƙara haƙuri. In kin sha, kwana uku ne ya ƙare. In na shuka, kafin ki sauka kin ga dami goma a ɗakin nan." Ba mugunta ba ce. A inda ya tashi, ko a shekarar yunwa ba a taɓa iri.

Mai gonar ya ba shi wani fili a gefen kurmi. Baba yana sara, ni ina bin sa ina zuba iri ina rufewa da diddige. Geron ya fito kamar ana jan sa da igiya. Cikin wata biyu ya wuce tsawon Baba, ganye baƙi ƙirin, kara kamar rake. Mutanen ƙauye suna zuwa kallo, don ba su taɓa ganin irinsa ba. Aikina shi ne korar tsuntsaye. Na ɗaura gwangwanaye a igiya, ina ja ina ihu tun safe har muryata ta dushe, yaran makaranta suna wucewa da rigunansu masu ruwan ƙasa suna kwaikwayon ihuna. Da yamma in kawo wa Inna labarin zangarniya, ita kuma ta tambaye ni ko ta yi ido.

Da geron ya nuna, Akosuwa ta zo gonar ta kama zangarniya, ta yi alamar yanka, ta nuna sama inda hadari yake, ta nuna hayaƙin madafinta. Nufinta a yanke kawunan yanzu a rataye su a saman murhu, yadda suke yi wa masara. Baba ya yi dariya ya ce mini, "Mai cin dodon koɗi ce za ta koya mini gero? Tun ban kai ka ba nake girbi." Ya yi yadda ubansa ya koya masa. Ya sare karan daga gindi, ya kwantar da su jere a ƙasa, sankace, domin rana ta ƙarasa busar da su kafin a yanke a ɗaure. A ƙasarmu idan gero ya nuna, ruwa ya yi sallama ke nan. Baba ya manta a can ruwa ba ya sallama.

Washegari aka kece da ruwa, aka kwana huɗu ana yi. Baba ya sari ganyen ayaba ya rufe, ruwa ya bi ta ƙasa. Ya kwaso tabarmar kwanciyarmu ya shimfiɗa, ya tuɓe rigarsa ya ɗora. Na gan shi a durƙushe cikin taɓo yana ɗaga zangarniya ɗaya bayan ɗaya yana goge ta a ƙirjinsa. A kwana na biyar geron ya tsiro a jikin zangarniyarsa, sauran ya yi baƙin funfuna, gonar tana tsami. Bai iya shiga ɗaki ya gaya wa Inna ba. Ni ya aika.

Ran Alhamis ta haihu, mace, a hannun Akosuwa. Jaririyar ƙarama ce, kukanta kamar na ɗan mage. Nono bai zo ba. Akosuwa ta kawo miyar kwakwar manja mai zafi da nama, irin wadda suke ba maijego, Inna ta juya fuska ga bango, don ba ta san naman mene ne ba, ba ta kuma san wa ya yanka ba. Ruwan zafi kawai take sha. A rana ta biyu Baba ya naɗa rawaninsa ya kama hanyar Kumasi da ƙafa, domin gada ta karye mota ba ta shigowa, ya ce a zangon Hausawa ba za a rasa gero ba.

Ni kuma na koma gonar da faifai. Na wuni ina murza ruɓaɓɓun zangarnu ina tsince ƙwayar da ba ta yi baƙi ba, ɗaya ɗaya, har na tara abin da bai cika tafin hannu biyu ba. Na daka, na dama yadda nake ganin ana yi. Inna ta kurɓa sau ɗaya ta ce, "Allah ya yi maka albarka," sannan ta amayar. Jaririyar tana tsotson yatsan Akosuwa da ruwan sukari, kukanta kullum yana ƙara nisa.

A rana ta biyar Akosuwa ta shigo da kaza mai rai a hammata da wuƙa a hannu. Ta miƙa mini, ta nuna wuyan kazar, ta ɗaga tafukanta sama yadda take ganin Baba yana addu'a. Ashe ta gane. Ban taɓa yanka ba, ban ma san ina ne gabas ba saboda hadari, ita ce ta kama kafaɗata ta juya ni. Na yi bisimilla na yanka. Ta dafa a tukunyar Inna, a gaban idon Inna. Ranar Inna ta sha romo har da gumi. Nono ya fara zuwa washegari da azahar, amma yarinyar ba ta da ƙarfin kamawa. Kafin la'asar jaririyar ta rasu. Akosuwa tana kuka tana kiran "Yaa, Yaa," wato Lami a wajenmu.

Baba ya iso da safiyar ranar suna, ƙafafunsa sun tsage, da gero tiya biyu da ɗan dunƙulen kanwa a ƙulle cikin rawani. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi hannun Inna babu komai. Ya ajiye ƙullin a hankali, ya zauna a ƙasa. Inna ta ce, "Sannu da hanya, Malam." Iyakar maganar da suka taɓa yi a kan abin ke nan a gabana, har suka bar duniya.

Bayan an buɗe iyaka muka dawo gida. Yau ina noma gonar Baba, gero yana cika rumbu, yarana suna barin kunu a kwano har ƙuda ya faɗa. Wanda yake wata ƙasa sai ya ɗaga waya ya ji muryar uwarsa, a saka masa gari a mota. Ni da girmana na fara koyon rubutu, kuma ban san yadda ake rubuta sunan ƙauyen nan ba, ban san ko Akosuwa tana raye ba. Ban taɓa iya ce mata na gode da harshenta ba.

Abin da muka bari a can: goran iri guda, dami goma da ba a ɗaure ba, da yarinya 'yar kwana shida a gindin wani itacen koko, ban san wanne ba.