Takawar Inna Mai Keke

A duk layin, Inna Mai Keke ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Tun tana amarya mijinta ya saya mata keken ɗinki na ƙafa, baƙi mai zanen ruwan zinari, ya rasu ya bar ta da shi da 'ya'ya huɗu. Da keken ta raine su. Shagonta ɗan tsukuku ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran rediyo da mai aski. Ba ta da fara'a, ba ta cika alkawarin rana, amma ɗinkinta ba ya warwarewa, shi ya sa masu kaya suke tafiya da mita su kuma dawo. A gidanta in an ce "takawa", aiki ake nufi. Da an ce Inna tana takawa, kowa sai ya kama bakinsa.

A banɗaki ta faɗi, santsin sabulu ya kwashe ta, ƙashin ƙugunta na dama ya karye. Aka yi mata tiyata, aka haɗa ƙashin da ƙarfe da kusoshi. Likita ya ɗaga hoton ƙashin yana yaba aikin hannunsa. Ita kuwa abin da ya dame ta daban ne: surukarta ce take kawo mata fo, ta ɗauke, ta wanke. Matar da ko zare ba ta yarda a zura mata a allura ba, ga ta ana juya ta kamar buhu. Wannan ya fi karayar yi mata ciwo, kuma ba abin da take so illa ta koma zagawa da ƙafarta.

Ranar sallama likita ya ce wa babban ɗanta, direban motar haya, "Aiki ya yi kyau, saura nata. Ta riƙa takawa kullum, kaɗan-kaɗan. In ta zauna, ƙafar ma za ta zauna."

"In dai takawa ce, likita, ai ka zo gidanta," in ji ɗan, yana dariya.

Inna tana jin su. Ta san ƙasa likita yake nufi, don an taɓa tsayar da ita a gefen gadon asibiti, ta leƙa simintin yana sheƙi, ta ce a mayar da ita. Tsoro ne, tsoron da ba ta taɓa sani ba. Sai ta ƙi gyara wa ɗan fahimtarsa.

Ɗan ya ɗauko keken daga shago ya girke shi gefen gadonta. A ɗaga ta a ɗora a kujera, ta yi ta taka feda, a ɗauke ta a mayar. Gida ya cika da ƙarar keke, kowa ya ji daɗi. Duk wanda ya zo dubiya sai ɗan ya ce, "Umarnin likita muke bi, har ta wuce abin da ya ce."

Da suka koma asibiti aka tura su wurin mai gashin ƙashi, wata mata mai kaifin baki. Ta lanƙwasa gwiwar, ta juya idon sawun, ta jinjina kai.

"Madalla. To Mama, tashi mu gani."

Inna ta dafa, ta yunƙura, ƙafar ta ƙi ɗaukar ta.

"Ba ta takawa ne?"

"Kullum! Jiya ma riga biyu ta ɗinka," in ji ɗan.

Matar ta dube shi. "Ƙasa, Malam. Ƙasa aka ce ta taka, ba keke ba. Naman cinyar duk ya saki. Wani zai dawo, wani kam ya tafi ke nan."

A mota ɗan sai haƙuri yake ba ta, wai shi ne bai gane ba. Inna ta bar shi da laifin. Sai da suka isa gida ta ce, "Ku fitar da keken nan can ƙarshen tsakar gida, jikin katanga. In ina son sa, na je na same shi."

Da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu take zuwa, tana ja tana tsayawa tana zagin simintin. Wanda ya miƙo hannu ya sha tsawa. Shago kam ba ta ƙara komawa ba, mai aski ya haɗe shi da nasa, ɗingishin kuma ya zauna mata har ƙarshen rayuwarta.

Wata safiya surukarta ta biyo ta da buta har bakin banɗaki, ta sa kai za ta shiga a bayanta kamar kullum. Inna ta karɓi butar, ta tura ƙofa, ta ja sakata daga ciki.