Gadon da Aka Ɗaure da Nawa

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya sanƙarau ya kama ni, lokacin muna Gozaki. Na tashi daga ciwon, amma ji bai dawo ba. Magana ba ta ɓace mini ba tunda na riga na iya, sai dai an ce muryata takan yi sama ban sani ba. A hankali na koyi karanta bakin mutane, in sun fuskance ni kuma ba su yi sauri ba. Abin da ya gagara a nuna mini da hannu. Haka na gama makaranta, na koyi ɗinki, na yi aure a Funtua, kuma rashin jin bai taɓa hana ni barci ba sai da cikina na fari ya fara tsufa.

A layin awo abin ya fara. Muna zaune a benci sai na ga matan duk sun juya wuri ɗaya. Na bi idonsu, na ga wani jinjiri a bayan yayarsa, fuskarsa ta yi ja don kuka. Ashe ya daɗe yana yi, ga shi kusa da ni ƙwarai. Na dawo gida ban iya taɓa keken ɗinki ba ranar.

Mijina gyaran injin casar masara yake yi. In kaka ta kama, yau yana Bakori gobe yana Ƙarfi, wani lokaci can yake kwana, kuma lissafin haihuwata a bakin kaka ya faɗa. Da na gaya masa damuwata ya ce ai ba wani abu ba ne, in kwanta da jaririn a jikina kamar kowace mace, in ya motsa zan ji. Ni ma haka na ɗauka, har na koma awo na faɗa wa malamar asibitin da ke duba ni.

Mace ce mai haƙuri, takan sauke takunkumin fuskarta don in ga bakinta. Ta tambaye ni yadda barcina yake. Na ce da nauyi, tunda ba abin da ke tashina. Ta tambayi katifarmu, na ce mai laushi ce, tsakiyarta har ta lotsa. Ta girgiza kai. Ta ce in fuskar jariri ta shiga zani ko ƙarƙashin hannun uwa, ɗan sautin da zai yi ko mai ji da kyar take ji, balle ni. Amma kuma ba ta so in ajiye shi can ƙarshen ɗaki. Ta nuna mini hoto a wayarta: ƙaramin gado mai bango uku, gefe na huɗu a buɗe, an manna shi da gadon uwa. Ta ce katifarsa ta zama mai tauri, a kwantar da shi rigingine, ba filo, ba bargo mai kauri, kuma kada a bar rata tsakanin katifun biyu ko da ta shigar hannu ce.

Ranar da mijina ya samu sarari muka shiga kasuwa. Akwai wata Bayarabiya mai shagon kayan jarirai, haifaffiyar Funtua, ta san ni tun ina sayen leshi a wurin ƙanwarta. Ta sauko mana da duk abin da take da shi. Wani mai rumfa da ado kamar gadon amarya, wani mai lilo, wani na roba kamar baho da gidan sauro a kai. Mijina ya tsaya a kan mai rumfar, ya ƙi matsawa. Matar ta kama shi ta jijjiga, ya yi ta rawa a kan siraran ƙafafunsa. Ta dube ni ta yi magana a hankali, ta ce wannan na ranar suna ne, a gani a yaba. Akwai ɗaya irin na hoton, na gwanjo, amma maɗaurinsa ya ɓace, kuma ko an ja ƙafafunsa har ƙarshe bai kai tsayin gadonmu ba, don na zo da igiyar da na auna. Ta ce kada mu wahalar da kanmu, mu nemi kafinta ya yi mana daidai ɗakinmu.

Kafintan dattijo ne a bayan layinmu. Ya zo gida ya auna gadon da katifar, ya tafi. Da muka je duba aikin na tarar ya yi abu mai kyau, ya sassaƙa furanni a kai, amma ya ware sandunan jikin bango sosai, har dunƙulen hannuna yana wucewa. Malamar ta ce kada ratar ta wuce yatsu uku, don kada kan yaro ya maƙale. Na faɗa masa. Ya juya wajen mijina yana ba shi amsa, ni ina ganin ƙeyarsa kawai. Na ƙwanƙwasa katakon.

“Malam, ni za ka fuskanta. Ni zan kwana da shi.”

Ya juyo, ya ɗan ji kunya, sannan ya yi dariya ya ce na yi gaskiya. Daga ranar ni yake wa bayani, yana buɗe baki fiye da yadda ake bukata. Ya ƙara sanduna, ya goge katakon har ba inda ke kama zare, ya nutsar da kan kowace ƙusa. Na ce kada a shafa fenti saboda wari. Muka sa aka yanka soso mai tauri daidai cikin gadon, sai an danna yake shiga, na ɗinka masa riga mai kama jiki. Mijina ya huda katakon ya ɗaure shi da gadonmu da noti biyu.

Da yamma ya ce mu gwada. Na kwanta na rufe ido, shi kuma ya riƙa taɓa ƙaramin gadon da yatsa. Tunda an ɗaure su tamau, motsin yana biyo katako ya iso haƙarƙarina. Duk sanda na ji sai in ɗaga hannu. Can na ji shiru ya yi yawa, na buɗe ido, na same shi ya naɗe hannu yana kallona yana dariya, wai so yake ya ga ko zan yi ƙarya.

Ban yi lissafi da Inna, mahaifiyata, ba. Ana saura wata guda ta zo ta ce haihuwar fari a gida ake yi, in haɗa kaya. Na ce sai dai da gadon. Ta kalle shi, ta kalle ni, ta ce ita 'ya'ya bakwai ta goya ba ta taɓa ganin an raba jinjiri da ɗumin uwarsa ba, amma in ina so a ɗauka. Aka kwance shi aka ɗaure a saman motar Malumfashi, daga can aka sake wata zuwa Gozaki. Dawa ta yi kai a gonaki, masara ta fara bushewa, ni kuwa duk ramin da muka faɗa hankalina yana saman mota.

Muna isa matsala ta fito. Gadon da Inna ta gyara mini nata ne na ƙarfe, na aurenta, mai tsayin da sai an taka kujera. Ƙaramin gadon ya tsaya can ƙasa, ya fi taƙi guda tsakaninsu. Ƙanena ya kawo bulo ya sa a ƙarƙashin ƙafafun. Na tura da hannu ɗaya, abin ya karkace. Na ce a cire. Muka tsaya cirko-cirko, Inna tana cewa dama ta faɗa.

Baba ya dawo daga gona ya tarar da mu a haka. Shi ba mai yawan magana ba ne, kuma tun ina yarinya ya fi kowa iya yi mini bayani da hannu. Ya leƙa, ya karɓi igiyar awon daga hannuna, ya shiga turakarsa. Da ya fito sai ya kira ƙanena, suka fito da gadonsa na katako suka shigar mini, suka kai masa na ƙarfen. Tsayin ya zo daidai, in ban da ɗan abin da bai kai kaurin yatsa ba. Ba a huda gadon Baba ba. Da igiyar jaka mai faɗi na ɗaure su wuri biyu, na ja har hannuna ya yi ja. Inna ta ce yau ga tsoho zai kwana a gadon amarya. Ya ce ai dama shi ne angon.

Na haihu lafiya a asibiti a Malumfashi, mace. Da muka dawo gida Inna ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakina, ta ce nan za ta riƙa kwana. In jaririyar ta yi kuka sai ta miƙo hannu ta ja babban yatsan ƙafata. Ban yi musu ba, na san ina bukatarta. Na haɗa gidan sauro biyu na ɗinke su suka zama ɗaya mai faɗi, ya rufe mu tare, na cusa bakinsa ƙarƙashin katifa don kada ya sauko fuskar yarinyar. Kaskon garwashin da ake sa wa mai jego kuwa na roƙa a bar shi a waje, in ina son ɗumi in fita in same shi, tagar kuma a bar ta a buɗe. Wannan ya fi gadon ɓata wa Inna rai, amma ta bari.

Gwaggona, yayar Baba, ita ke zuwa yi mini wanka safe da yamma. Wata safiya na fito daga wankan, jikina yana tururi, na tarar ta gyara ƙaramin gadon yadda take ganin ya dace. Ta shimfiɗa bargo ninki biyu, ta naɗe zannuwa ta kewaye yarinyar, ta kwantar da ita a kan gefenta ɗaya, ga ɗan filo a ƙarƙashin kanta. Filon ita ta yi shi da hannunta, da audugar rimi, ta yi masa surfani a baki. Na tsaya ina tunanin yadda zan yi. Sannan na ɗauki yarinyar, na kwashe kayan ɗaya bayan ɗaya, na mayar da ita rigingine a kan katifar.

Gwaggo ta taɓa kafaɗata don in dube ta. Ta ce, “Katako za ki kwantar da jikata a kai? Ko ɗan akuya ana yi masa shimfiɗa.”

Na ce, “Gwaggo, in ta juya fuskarta ta shige filon nan, ke za ki ji. Ni ba zan ji ba.”

Ta naɗe bargon ta ajiye a kan akwati. Na ga ranta bai so ba, don ko kunun kanwar ranar a bakin ƙofa ta dire mini. Filon sai na riƙa sa shi ƙarƙashin gwiwar hannuna in zan ba da nono, kuma na tabbata ta gani. Bayan kwana biyu ta kawo 'yar riga mai dogon hannu da safa, ta ce tunda ba za a rufa ta ba, to a sa mata wannan.

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne mayar da ita bayan ta sha. Ga ta da ɗumi a ƙirjina, ga gajiya, ga gadon Baba da faɗi. Sai na koyi tashi zaune in zan shayar, in ta saki nonon in miƙa hannu in ajiye ta. Ba nisa, ina jin numfashinta a bayan hannuna. Nakan ɗora tafina a bakin katifarta, ba a jikinta ba, in yi barci a haka.

Bayan suna gidan ya watse, kowa ya koma karyar masara. Wata rana da azahar Inna ta ga yarinyar ta yi barci, ta ce bari ta leƙa maƙwabta ta yi gaisuwa ta dawo. Na kwanta, barci ya ɗauke ni. Ashe bayan fitarta ruwa ya sauko, irin na ƙarshen damina mai zuwa ba shiri, ya tsare ta a can. Ni ban san ana yi ba. Abin da na ji shi ne ɗan motsi a tafin hannuna, ya tsaya, ya sake dawowa. Na buɗe ido. Yarinyar tana harba ƙafafu, ta cusa dunƙulen hannunta a baki tana tsotsa, tana juya kai tana nema. Ba ta kai ga kuka ba tukuna. Na tashi zaune na ɗauke ta.

Muna cikin haka labule ya ɗaga. Inna ce, ta jiƙe sharkaf, takalmi a hannu, ta yanko cikin ruwan don tana ganin yarinyar na can tana ta kuka ba mai ji. Ta tsaya tana haki tana kallonmu. Ta tambaye ni wa ya tashe ni. Na nuna mata jikarta da haɓa. Ta zauna a kan tabarmarta tana matse bakin zani, sannan ta ce in gyara riƙon, kan yarinyar ya yi ƙasa.

Ba kullum motsin ke tashina ba, kuma ban yaudari kaina ba. Inna ta ci gaba da kwana a bakin ƙofa har muka yi arba'in, sai dai jan yatsan ya ragu. Da muka koma Funtua aka mayar da notin a ramukansu. Ranar da mijina zai kwana a ƙauye, matar wansa takan zo ta taya ni kwana. Duk ranar Juma'a in na cire rigar katifar zan wanke, nakan jijjiga gadon in ga ko ya saki, in tura hannu tsakanin katifun in ga ko rata ta buɗe.

Malamar asibitin ta riga ta gaya mini gadon na 'yan watanni ne. Wata safiya ina ninke kaya na waiga na ga yarinyar ta kife da kanta, ta kama sanda ɗaya tana ƙoƙarin ɗago ƙirji, tana yi mini dariya da dasashi. Da mijina ya dawo na ce lokaci ya yi. Ya ɗauko sifana ya kwance notin, muka fitar da gadon tsakar gida na wanke shi. Muka shimfiɗa mata katifa mai tauri a ƙasa, nesa da bango, na sauko da tawa kusa da ita. Daren farko ta yi ta mirgina tana neman sandunan da ta saba kamawa, har ta gaji ta yi barci da ƙafa ɗaya a kan tabarma.